DA WANE MUDU AKE AUNA RAYUWAR NAKASASSHE A BIRNIN KANO?

Duk wanda ya sallaci Juma'a a babban masallacin cikin birnin Kano ya san sahu biyu ake yi. Akwai sahun ciki, wanda liman ke cewa a daidaita shi, a haɗa kafaɗa, a toshe ɓaraka. Akwai kuma sahun waje, wanda ba mai daidaita shi, wanda ke jiran a yi sallama: makafi da 'yan jagoransu, guragu a kan kekuna, wasu a kan katako mai taya, wasu na jan jiki da silifa a tafin hannu, kurame da 'yar takarda a cikin leda. Jama'a su fito, wannan ya jefa Naira 20, wancan ya jefa 50, ba tare da ya ko dubi fuskar wanda ya jefa wa ba. A ce Allah Ya ba da lada, kowa ya kama gabansa, sai kuma wata Juma'ar.

To amma da mai jefa kuɗin zai tsaya ya dubi fuskokin, da ya ga abin da zai hana shi barci. Ba tsofaffi kaɗai ke cikin wannan sahu ba. Akwai samari majiya ƙarfi, 'yan shekara 18, 20, 25, sa'o'in mai riƙe da wannan jarida. A cikinsu akwai waɗanda suka sa kayan makaranta, suka zauna a aji, suka rubuta jarrabawa. Makaranta ta yaye su, aka miƙa musu takarda, aka ɗau hoto, daga ranar ba wanda ya sake tambayar inda suka kwana. Abin tambaya shi ne, yaron da aka ce an ilmantar, da ya zama saurayi me ya zama? Wa ya bi sawunsa? Da wane mudu aka auna rayuwarsa har ake bugun ƙirji ana cewa an yi masa aiki?

MUDUN MAHUKUNTA

Bakano ba baƙon awo ba ne. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana auna hatsi da mudu a Kasuwar Kurmi, ana auna tufa da kamu. Ba a ce wa Bakano "ai da yawa ne" ya yarda, sai ya ga tiya ta cika ta yi tozo. Kuma ko yaro ya san makomar mai tauye mudu, tunda sura guda ce a Alƙur'ani aka buɗe ta da narkon azaba a kansa. Amma abin mamaki, da an zo kan rayuwar nakasasshe sai a ajiye mudun gaskiya, a ɗauko wanda aka buge wa gindi.

Mudun mahukunta ba ya auna komai sai abin da ya fita daga hannunsu. Kekuna nawa aka raba, buhun shinkafa nawa, aji nawa aka yi wa fenti, miliyan nawa aka "ware". Ranar 3 ga Disamba ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa nakasassu, sai a tara su a ɗakin taro, a kira 'yan talabijin, mai girma ya karanta jawabi, a tafa, a watse. Wannan daidai yake da manomin da aka tambaya dami nawa ya samu bana, sai ya shiga lissafa irin da ya shuka da takin da ya zuba. An ji ka yi shuka, Malam, ina amfanin gona?

Kai, ko yawansu ma ba a tsayar ba. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ce nakasassun Nijeriya miliyan 3 ne da 'yan kai, wato kashi 2 da ɗoriya cikin 100. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce a ko'ina a duniya sukan kai kashi 15 cikin 100, wanda a kansa ne aka yi kirdadon Nijeriya na da kusan miliyan 29 a 2018. Tsakanin miliyan 3 da miliyan 29 akwai mutane kusan yawan al'ummar Jamhuriyar Nijar baki ɗaya! Makiyayin da bai san ko shanunsa uku ne ko talatin ba, ta ina zai san wadda ta rame?

Abin da aka iya shi ne canja suna. Yanzu ba a cewa nakasassu, sai "masu buƙata ta musamman". Kyautata suna abu ne mai kyau, addini ma ya hana jifan mutum da laƙabin da yake ƙi. Amma in suna ya canja, saurayin yana nan a bakin masallaci da ƙoƙonsa, to tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

INDA KWALTA TA ƘARE

Tun cikin shekarun 1970 Kano ke da makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki, bayan ganuwa, kuma nan ne iyaye da yawa daga cikin birni ke kai 'ya'yansu. Malaman da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a irin waɗannan azuzuwa sun cancanci addu'a. Amma makaranta hanya ce, ba masauki ba ce. Matsalar tana farawa ne ran da yaro ya ɗauko akwatinsa ya dawo unguwa.

A ɗauki kurma. A gida da unguwa yana magana da maganar hannu ta Hausa, wadda kuramen Kano suka gada tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zo ta zauna da su ta yi nazarinta, ta wallafa littafi a kai a shekarar 2000. A makaranta kuwa alamomin da suka samo asali daga Amurka ake koya masa, a jingine da Turanci. Ya gama ya dawo gida da harshen da uban da ya haife shi bai iya ba. In ciwo ya kama shi ya je asibiti, wa zai gaya wa likita inda ke masa ciwo? In aka ƙulla masa sharri aka kai shi wurin 'yan sanda, wa zai yi masa tafinta? In ya je neman koyon ɗinki, maigidan shago ya ce shi ba zai iya da bebe ba, wa zai kai wa ƙara? Shekara nawa yana zuwa Juma'a, huɗuba nawa ya taɓa fahimta?

A ɗauki makaho. Tun 2017 hukumar JAMB ta yi wa makafi tsarin jarrabawa na daban, kuma Jami'ar Bayero na cikin cibiyoyin da ake yi. Wannan abin a yaba ne. Amma kafin ya kai nan sai ya sami littattafai cikin rubutun makafi, sai ya sami mai karanta masa waɗanda babu. In Allah Ya taimake shi ya tsallake, ya fito da digiri, ya je neman aiki, sau da yawa abin da ke biyo baya sananne ne: a karɓi takardunsa, a yi ta mamakin yadda aka yi ya yi karatu, a zaro kuɗin mota a ba shi, a ce Allah Ya kawo sauƙi. Ya je neman haƙƙi an sallame shi da sadaka.

A ɗauki gurgu. Shi kansa lafiya lau, harshensa lafiya lau, hannunsa ya fi na masu ƙafa ƙarfi. Amma ya fito daga lungun cikin birni da kekensa, kwata ta tare shi, in damina ce taɓo ya riƙe shi. Ya isa titi, mai adaidaita sahu ya hango keke ya ƙara wuta. Ya isa ma'aikata, matakala goma ke jiransa. Ƙafarsa ba ita ta hana shi shiga ba, wanda ya zana ginin ne ya hana shi.

Duk waɗannan ma masu gata ne in aka kwatanta su da mai raunin ƙwaƙwalwa, wanda ake kulle shi a ɗakin baya don kada baƙi su gani, yara na binsa da tsokana in ya fito. Haka nan budurwar da ke da nakasa, wadda da ta fara girma sai a cire ta daga makaranta don tsoron 'yan iska, ta koma zaman ɗaki, ba karatu, ba sana'a, ba manemi. Waɗannan ko a sahun waje ba a ganinsu.

Ba don babu doka ba ne. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna musu wariya. Dokar ta ce ilimi kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta sa tarar Naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, da Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda nakasasshe zai iya shiga. Shekara biyar ɗin ta cika a Janairun 2024. Mai karatu ya zaga da ƙafarsa daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Wambai, ya leƙa ofisoshi da bankuna da makarantu, ya ƙirga da yatsunsa waɗanda gurgu zai shiga ba tare da an ɗauke shi kamar buhu ba. Gani ya kori ji.

'YA'YAN SANƘARAU DA SHAN INNA

In akwai garin da bai kamata a koya masa wannan darasi ba, to Kano ce. A 1996 annobar sanƙarau ta ratsa Arewa ta kashe dubbai, ta bar wasu dubban yara da kurumta da shanyewar jiki da taɓuwar ƙwaƙwalwa. A tsakiyar wannan bala'i ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar ba maganinsa ba, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Aka shiga kotu, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan Dala miliyan 75. An yi lissafin Dala, an yi lissafin kason lauyoyi, an yi gwajin DNA don tantance masu karɓar diyya. To yaran sanƙarau na 1996, waɗanda aka yi gwajin a kansu da dubban da ba a yi ba, yau sun kai shekara 30 ko sun haura. Nawa ne suka yi aure? Nawa ne ke da sana'a? Nawa ne ke cikin sahun waje? Ina littafin da aka rubuta wannan?

Sai shan inna. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da allurar rigakafi saboda zargin da jama'a ke yi, zargin da abin da ya faru a 1996 ya ƙara wa ƙarfi. Ba a dawo da ita ba sai a watan Yulin 2004, kuma a tsakanin nan da 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta shanye ƙafafun yara masu yawa. Ko a wane ɓangare mutum ya tsaya a wancan rikici, abu ɗaya ba ya musuwa: ba a yi shawara da yaran ba, kuma su suka biya. Yau samari ne da 'yan mata 'yan shekara 20 da ɗoriya.

A dubi yadda aka yi yaƙin shan inna. Ba lungun da ba a shiga ba a cikin birni. An bi gida-gida, an rubuta lamba da alli a jikin bango, an shafa wa kowane yaro tawada a ɗan yatsa, an sa masu unguwanni da dagatai a gaba. Duk yaron da ƙafarsa ta saki, an rubuta sunansa, an ɗebi bayan gidansa an aika ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Da haka aka ga bayan cutar, Kano ta ga na ƙarshe a 2014, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Ashe dai an iya ƙirga! Ashe an san hanyar gidan kowa! An damu da kashin yaron don yana iya ɗauke da ƙwayar da za ta tsallaka ta kama 'ya'yan wasu, amma makomarsa, da yake shi kaɗai ta shafa, ba a ga dalilin ɓata alli a kanta ba.

MUDUN NASARA

Su Turawan Yamma sun daɗe da ƙera ma'aunai, wasu na a jefar, wasu na a ɗauka. A 1993 Bankin Duniya ya fito da wani lissafi na nauyin cututtuka, inda ake ba kowace nakasa maki gwargwadon abin da wai take ragewa daga shekarar lafiya. A lissafin farko makanta na cinye wajen kashi 60 cikin 100 na shekara. Da aka sake lissafi na 2010 sai ta faɗo ƙasa da kashi 20. Idon makahon Dala bai buɗe ba a tsakanin, mudun ne aka canja a wani ofis. Masu lissafin sun ce lafiya suke aunawa ba darajar mutum ba. An ji. Amma da irin wannan lissafi ake yanke inda kuɗi za su tafi, kuma ba ya tambayar ko mutum na da mata, ko ana gaishe shi a unguwa, ko yana cin guminsa.

Amma hikima kayan mumini ce da ta ɓace, inda ya gan ta sai ya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani ma'auni mai tambayoyi 26 da ke duba abu huɗu: lafiyar jiki, kwanciyar hankali, zama da mutane, da muhallin da mutum ke ciki. Babban abin da ke cikinsa shi ne mutumin da kansa ake tambaya. Wani masani Ba'amurke, Robert Schalock, ya kasa ingancin rayuwar nakasasshe gida takwas, ciki har da abin hannu, da cuɗanya da jama'a, da haƙƙoƙi, da ikon mutum ya yanke wa kansa shawara. A Amurka kuma doka ta tilasta cewa da ɗalibi mai nakasa ya kai shekara 16 sai makaranta ta zauna da shi da iyayensa an rubuta shirin abin da zai yi in ya gama, sa'annan bayan shekara ɗaya da fitarsa a neme shi a ji: yana karatu, yana aiki, ko yana zaune? Kowace jiha sai ta kai wannan rahoto. Ba don sun fi kowa tausayi ba ne. Sun gane ne cewa makarantar da ba ta san inda ɗalibanta suka ƙare ba, ba ta san ko tana aiki ba. 'Yan bokon da suka kwaso wa jama'a kwat da laƙabin Turawa, me ya hana su kwaso wannan?

KANO TA TAƁA SANI

Abin takaicin shi ne ba sai an je Amurka ba. A 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, Baturen nan Clapperton ya shigo Kano, ya rubuta cewa ya tarar da unguwa guda ta makafi a cikin ganuwa, tsaf-tsaf, da ɗakuna masu kyan gini, suna da wani kaso da hukuma ke ba su, ko da yake suna bara a kasuwa. Har yau sunan Makafin Dala bai ɓace ba, haka sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. An san makafi da tufkar igiya. Ba a ce wancan tsari ba shi da aibi ba, tunda ya keɓe su gefe kuma bai raba su da bara ba. Amma aƙalla an san su, an san yawansu, suna da shugaba mai shiga fada ya yi magana da yawunsu, suna aure suna haihuwa a gidajensu. Shekara 200 bayan nan, da kwamfuta da wayar hannu, an kasa abin da aka yi da tawada da alƙalamin kara.

In aka koma can asali kuwa, hujja ta ƙare. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne. A kan lamarinsa aka saukar da Suratu Abasa, aka fifita makahon da ya zo neman sani a kan manyan gari masu ganin sun wadatu. Manzon Allah (S) bai ajiye shi a ƙofar masallaci da ƙoƙo ba. Ladani ya naɗa shi, kuma ba sau ɗaya ba ya bar masa Madina yana yi wa mutane limanci in an fita yaƙi. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, 'ya'yansa suka so hana shi fita Uhudu don Allah Ya ɗauke masa, ya kai ƙara, aka ce su ƙyale shi, ya fita ya yi shahada. Darasin a fili yake: uzurin da shari'a ta ba nakasasshe rangwame ne a hannunsa, ba katanga ba ce da wani zai gina masa. Shi ke da ikon cewa zai iya ko ba zai iya ba.

A ƙasar Hausa ma an gani. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙoƙinsa na Imfiraji sun shiga kowane gida, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Jibrin Isa Diso makaho ne, ya koyar a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero har ya kai farfesa. Misbahu Lawan Didi, wanda shan inna ta kama, shi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988. Aminu Ahmad Tudun Wada ya tara 'yan uwansa guragu suna walda suna ƙera kekunan da suke hawa. Sai dai kada a mai da waɗannan bayin Allah abin fakewa, a riƙa nuna su ana cewa ai ga shi wanda ya dage yana yi. In mutum ɗaya ya haura katanga, ba hujja ba ce cewa akwai ƙofa.

LAIFIN NA GIDA

Sauƙi ne da daɗi a zagi gwamnati a naɗe jarida a tafi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wa ya mai da bara ta fi sana'a riba ga saurayi gurgu? Jama'ar da za ta ba shi Naira 50 don neman lada amma ba za ta kai masa ɗinki ba. Wa ke tura yaro makaho titi maimakon makaranta don shi ke ciyar da gida? Wa ke cewa in ya yi arba da nakasasshe da sassafe ranar ba sa'a? Saurayin da ke kuka da zaluncin mahukunta, in makaho mai addini da sana'a ya zo neman ƙanwarsa, me zai ce a zauren gidansu? Majalisar da ake zama bayan Isha'i, kurman unguwa na da wurin zama a cikinta, ko sai in ana son abin dariya?

Gwamnatin Kano ta hana bara a titi tun zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, an sake jaddada hanin a 2020, 'yan Hisba sun yi ta kame. Bara ƙasƙanci ce, ba mai musun wannan. Amma kwashe mutum daga bakin titi ba tare da an buɗe masa wata ƙofa ba, share ƙasa ne a tura ƙarƙashin tabarma. Titi ya yi kyau a idon baƙi, yunwa ta koma cikin gida inda ba mai ɗaukar hoto.

MUDU NA GASKIYA

To mene ne mudun? Ba ya bukatar Bankin Duniya. Duk nakasasshen da ya bar makaranta, ta boko ko ta allo ko Islamiyya, a neme shi bayan shekara ɗaya, a sake nemansa bayan uku, a yi masa tambayoyi bakwai.

Na ɗaya, da me yake ci: guminsa, ko hannun 'yan uwa, ko ƙoƙo? Na biyu, abin da ya koya yana amfani da shi, kuma ƙofar ƙarin ilimi a buɗe take gare shi? Na uku, yana iya fita daga gida ya je masallaci da kasuwa da asibiti ya dawo ba tare da ya roƙi wani ba? Na huɗu, ya san addininsa da harshen da yake fahimta, ya iya alwala da salla da hukuncin balaga, ko an ɗauka an ɗauke masa alƙalami alhali hankalinsa garau? Na biyar, yana da abokan da ke nemansa in ba su gan shi ba? Na shida, maganar aure tana gabansa, ko an yanke masa ƙauna? Na bakwai, wa ke yanke shawara a kan kuɗinsa da zamansa da tafiyarsa, shi ko wasu?

Sharaɗi ɗaya ne: shi za a tambaya, ba ubansa ba, ba malaminsa ba, ba jami'in jin daɗin jama'a ba. In kurma ne a nemo mai maganar hannu. In mai raunin ƙwaƙwalwa ne a zauna da shi a yi haƙuri, a haɗa da wanda ya fi saninsa. In mace ce 'yan uwa mata su je. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan aiki ba ya jiran kasafin kuɗi. Matasan masallaci ɗaya a Mandawari ko Yakasai ko Gwammaja, da littafin rubutu guda da biro, za su iya gama unguwarsu cikin mako biyu, da izinin masu gida, da riƙe sirrin mutane, ba ɗaukar hoto, ba yaɗawa a waya. In an gama sai a san abin yi. Wanda ke son sana'a a raka shi wurin tela ko baduku ko mai gyaran waya, a tsaya masa. Masu fitar da zakka a nuna musu wanda jari zai raba shi da bara har abada, maimakon a yayyafa wa mutum ɗari abin da ba zai kai su jibi ba. Kwamitin masallaci a tuna masa cewa buhun siminti kaɗan ya isa a yi gangarar da keke zai hau, kuma mai fassara huɗuba da hannu bai fi lasifika tsada ba. A cikin matasa a sami masu koyon maganar hannu. Littafin kuma a kai kwafinsa ga mai unguwa da kansila da Hukumar Zakka da Hubusi, a ce ga sunaye, ga gidaje, ga bukata, don kada gobe wani ya ce bai sani ba.

Su kuwa mahukunta da ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi da sunan nakasassu, Bahaushe ya riga ya yanke musu hukunci: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk ran da suka zo da lissafin kekuna da shinkafa, a tambaye su ɗalibai nawa suka fita bara waccan, kuma ina suke yau. In ba amsa, to mudun a tauye yake.

Ɗan uwa matashi da ya sayi wannan jarida a bakin masallaci, kafin ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ɗaga kai ya dubi sahun waje. Lafiyar da yake taƙama da ita aro ce, haɗarin babur ɗaya ko zazzaɓin dare ɗaya ya isa ya mai da shi can. Ya matsa kusa da sa'ansa, ya yi masa sallama, ya tambayi sunansa da unguwarsu da inda ya tsaya a karatu. Daga nan awo ke farawa. Ranar da za a kafa ma'aunin da ba a tauye shi, ba za a tambayi makaho don me bai gani ba, masu ido za a tambaya abin da suka yi da abin da suka gani.

Allah Ya ba da ikon gyarawa.